Akori-kura Jiya da Yau: Waiwaye kan Kula da Ita da Gano Matsalarta

Akori-kura ƙaramar motar ɗaukar kaya ce mai gidan direba a gaba da buɗaɗɗen bodi a baya, lodinta na ƙa'ida kuma bai cika wuce tan ɗaya ba. A ƙasar Hausa ita ce ta haɗa ƙauye da birni. Ranar kasuwa ta kwashi buhunan gero da masara da awaki da masu su, ranar biki ta ɗauki gara da kayan ɗaki, da damina ta kai taki gona. Mota ce da ake saya don nema, saboda haka duk ranar da ta kwana a gareji asara ce ga mai ita da direba da 'yan lodi. Cikin kimanin shekara 50 aikinta bai sauya ba, amma abin da ke ƙarƙashin bonet ya sauya ƙwarai. Tsohuwar akori-kura tana yawan tsayawa, sai dai kusan duk inda ta tsaya ana iya ta da ita. Ta yanzu takan daɗe ba ta tsaya ba, amma ranar da ta tsaya sai an jawo ta, kuma sai aljihu ya ji a jikinsa. Da can gwanintar mai mota ita ce iya gyara in an lalace. Yanzu gwanintarsa ita ce hana lalacewar tun farko.

Zamanin Peugeot

Wanda ya san hanyoyin Arewa a shekarun 1970 da 1980, in aka ce akori-kura, Peugeot 404 ce ke fara zuwa masa a rai, sai kuma 504 da ta biyo bayanta. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404 a 1960, ya fito da 504 a 1968, kowaccensu kuma daga baya ta sami samfurin ɗaukar kaya. Da masana'antar PAN ta fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, sai Fijo ta cika gari. Ita ce motar gwamnati, ita ce tasi, ita ce motar haya ta dogon zango. Wannan ya yi wa mai akori-kura rana, domin injin motarsa ɗan gida ɗaya ne da na sauran. Kayan gyara suna nan a kowace babbar kasuwa, kuma da wuya a sami gari mai tasha da babu bakaniken Fijo a gefenta.

Injin 404 mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1,618, a kishingiɗe yake gefe guda. Fetur yana tasowa daga tanki ta wani famfo da injin kansa ke motsawa, ya shiga kafireto ya gauraya da iska. Wuta tana tasowa daga batir ta bi ta kwayil, distirbuta, wadda a Nijar ake kira delko, ta rarraba ta ga fulogai a jerin 1-3-4-2. Kaca ce ke riƙe da taimin. Abin da ya fi tsawaita ran wannan inji shi ne silif, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai da komowa a ciki, domin ana iya zare shi a sa sabo. In inji ya tsufa ya fara shan baƙin mai, sai a sayo saitin silif da fistin da ringi, a rataya kaca a reshen darbejiya a sauke shi, cikin 'yan kwanaki ya koma bakin aiki. Shi ya sa ake ganin 404 da bodinta ya sha walda har ba a gane asalin fentinsa, tana nan tana dakon itace da yashi.

Amma wannan sauƙi yana tafe da ɗawainiya. Kwantak ɗin cikin distirbuta yana cinyewa, dole a riƙa mayar da tazararsa milimita 0.4. Bakin fulogi ana saita shi a milimita 0.6. Bawul yana kwancewa ya fara ƙara, sai an saita shi da hannu inji na sanyi. Birki na ganga ne, takalmansa na cinyewa ana matso da su. Batir yana shan ruwa, gaɓoɓin ƙasan mota suna neman giris. Direban da ya yi wata biyu bai taɓa sifana ba, to motar ce za ta tuna masa a tsakiyar daji.

Duban safe

Daga nan al'adar duban safe ta samo asali. Kafin a murza makulli, direba ko karen mota zai ɗaga bonet ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. Mai ya kamata ya tsaya tsakanin alamomi biyun da ke jikin sandar. Sai ya murza ɗigo ɗaya a tsakanin yatsu ya ji ko akwai tsakuwa-tsakuwa, ya kuma duba launi. In man ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga, galibi kuma gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone. Daga nan ya buɗe murfin lagireto tun inji na sanyi ya ga ruwa, ya danna fambel da babban yatsa ya ga bai lotsa fiye da kimanin santimita ɗaya ba, ya leƙa man birki da na kuloci. Sai ya durƙusa ya duba ƙasa inda motar ta kwana. Baƙin ɗigo daga inji yake, mai kauri da wari daga giya ko bakaksul, ruwa kuwa daga lagireto ko tiyo ko famfon ruwa. Ya zagaya tayoyi yana ƙwanƙwasawa da sifanar taya, ya gwada notuna. Bayan duk wannan ne za a kunna mota a bar ta ta ɗumama, direba na tsaye yana saurare.

A bayan kujera akwai akwatin da ba a tafiya ba shi: sifanoni, filaya, sukudireba, fambel, kwantak da kwandensa, fulogi ɗaya ko biyu, guntun waya, tsagin robar tiyub na ɗauri, da galan na ruwa. Da abin da ke cikin wannan akwati ake magance mafi yawan abin da ke tsayar da mota a hanya.

Gano matsala da ido da kunne

Injin fetur yana buƙatar abu uku kafin ya tashi: wuta da mai da iska. Duk binciken bakaniken da a kan waɗannan yake. In mota ta ƙi tashi, abin da ake fara dubawa shi ne ko kik yana juya inji. In an murza makulli aka ji ƙas kawai, fitilu suka dushe, to batir ne ya yi sanyi ko kuma kawunansa sun yi farar tsatsa. Sai a wanke su da ruwan zafi a ɗaure, in ta ƙi a tura mota, direba ya sa giya ta biyu ya saki kuloci.

In kuwa inji yana juyawa amma bai kama ba, sai a nemi wuta. Bakanike zai zare wayar tsakiya daga murfin distirbuta, ya riƙe ta da filaya mai roba dab da jikin inji, ya ce wa yaro ya murza. Shuɗin tartsatsi mai ƙara shaida ce cewa wuta lafiya take. In tartsatsin ja ne mai rauni, ko babu shi sam, sai a buɗe distirbuta. Sau da yawa za a tarar fuskar kwantak ta ƙone, sai a goge ta da samfefa a saita. In bai yi ba a sauya kwandensa. Da damina kuwa raɓa ce ke kwanciya a cikin murfin, goge shi da busasshen tsumma ya wadatar. In wuta na nan, sai a zare tiyon mai daga kafireto a juya inji a ga ko fetur na tsartowa. In ba ya zuwa, laifin na filta ne, ko famfo, ko dattin tanki. A nan ne ake ganin dabarar nan ta ɗora galan a saman mota a sauko da tiyo kai tsaye zuwa kafireto. Ta kai mutane da yawa gida, ta kuma ƙone motoci da yawa.

In inji yana aiki amma yana rawa, sai a riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka zare ƙarar inji ba ta sauya ba, silindarta ce ba ta aiki. Bakin fulogin kansa yana ba da labari: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan, baƙin toka busasshe fetur ya yi yawa, jiƙe da mai ringi ya mutu, fari fat kuwa inji na ɗaukar zafi ko fetur ya yi kaɗan. Don gano inda ƙara ke fitowa, bakanike yakan ɗora tsinin doguwar sukudireba a jikin inji ya kara ƙotar a kunne. Ƙarar bawul siririya ce daga sama. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa in an taka totur, na metal ne, kuma in aka ci gaba da tafiya a haka inji zai buga. Hayaƙin salansa ma yana da fassara: shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ya rinjayi iska, fari mai kauri da bai daina ba bayan inji ya ɗumama ruwa ne ke shiga silinda.

Shigowar Hilux da motocin Kwatano

Daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa matsakaici. Aikin haɗa motoci a cikin gida ya ja baya, kasuwa ta koma ga motocin hannu da ake shigowa da su daga Turai ta tashoshin ruwan Legas da Kwatano. A wannan zamani ne akori-kurar Japan ta karɓe hanya: Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, da takwarorinta na Nissan da Mitsubishi da Isuzu. Da yawansu suna ja da ƙafa huɗu, suna shiga rairayi da taɓon da Fijo ba ta iyawa. A 1987 sojojin Chadi sun kori na Libiya daga arewacin ƙasarsu a kan irin waɗannan motoci, har aka laƙaba wa yaƙin sunan Toyota. Har yau Hilux da Land Cruiser su ne ke ratsa sahara daga Agadas zuwa Dirku.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci, musamman a Nijar da Chadi, masu amfani da man gas ne. Injin gas ba shi da fulogi ko kwantak, matsin iska ne ke kunna mai, don haka rabin tsofaffin matsaloli sun kau. Sai dai ya zo da nasa. In gas ya ƙare a tanki, iska na shiga layin mai, mota ba za ta tashi ba sai an danna ɗan famfon hannu da ke saman filta an kore ta. Ruwan da ke cikin gas yana taruwa a gindin filta, dole a riƙa kwance shi ana tsiyayewa. Da sanyin hunturu sai an jira hita ta ɗumama silinda kafin a murza. Mafi tsada a cikinsu shi ne taimin bel. Tsofaffin injinan gas na Toyota irin su 3L da 5L da bel suke aiki, ana kuma sauya shi a kilomita 100,000. Kaca tana yin ƙara ta yi gargaɗi kafin ta gaza, bel kuwa ba ya sallama. Ranar da ya tsinke fistin zai haɗu da bawul, gyaran da da kuɗi kaɗan zai ci ya zama na sauke kan inji.

Kasuwar kayan gyara ma ta sauya. Da inji iri ɗaya ne ko biyu, yanzu iri-iri ne, kowane da lambarsa. A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, abu ɗaya yana da daraja uku: sabo na asali, na hannu da aka ciro daga motar waje, da kuma jabu mai kwali irin na asali. A kan wasu abubuwa na hannu ya wadatar, kamar ƙofa ko fitila ko kik. A kan filtar mai da baƙin mai da taimin bel da kayan birki kuwa, araha ba ta ado. Jabun filta da takardar cikinta ta yage tana barin datti ya zagaya inji, mai mota bai sani ba sai ranar da fitilar mai ta kawo.

Zamanin kwamfuta

Daga ƙarshen shekarun 1990 kafireto ya fara ɓacewa, injekta ta maye gurbinsa. Yanzu wata ƙaramar kwamfuta ce, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar mota, ke yanke yawan man da za a fesa da lokacin da wuta za ta tashi. Tana samun labari daga sensa-sensa: mai auna iskar da ke shiga, mai auna zafin ruwa, mai bin juyawar kiranshaf, mai shinshinar hayaƙi a salansa. Babu kwantak da za a goge, babu sukurun da za a murɗa a ƙara mai ko a rage. Hilux mai fetur da ta yawaita a Najeriya tun wajen 2005, mai inji lita 2.7, tana tashi da murzawa ɗaya ko da sanyin asuba, fuloginta kuma yana yin dubban kilomitoci ba a taɓa shi ba.

In wani abu ya karkace, fitila mai hoton inji ce ke kawowa a gaban direba. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai rami 16 da ake jona na'urar bincike. Tsarin ya zama dole ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, Turai ta biyo baya a farkon shekarun 2000. Na'urar tana fitar da lamba: P0300 na nufin silinda na ɓata wuta, P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. Kuskuren da ya yi yawa shi ne ɗaukar lambar a matsayin sunan abin da za a sayo. Lamba tana nuna unguwar da matsala take ne kawai. P0171 na iya fitowa daga tsagaggen tiyon iska, ko sensar iska da ƙurar hunturu ta lulluɓe, ko famfon mai da ya gaji, ko toshewar injekta. Wanda ya sauya sensa bai duba tiyo ba ya kashe kuɗi, fitila kuma za ta dawo. Goge lambar ba tare da gyara ba ma haka ne. Launin fitilu yana da ma'ana: mai ruwan ɗorawa na nufin a kai gareji ba da jimawa ba, in tana ƙyaftawa a rage gudu a nemi gyara nan da nan, jar fitilar baƙin mai ko ta zafin inji kuwa na nufin a sauka gefen hanya a kashe mota a take.

A ɓangaren gas sauyin ya fi tsanani. Tsohon nozul yana buɗewa ne a matsin da bai wuce bar 200 ba. Sabon tsari, irin wanda Toyota ke kira D-4D, yana tara mai a bututu ɗaya da matsin da ke kaiwa daga bar 1,300 zuwa sama da 2,000. Ramukan injektarsa siraran gaske ne, ɗan ruwa ko ƙura ko kananzir a cikin gas ya isa ya kashe famfo da injekta huɗu gaba ɗaya. Tsohon inji yakan haɗiye man 'yan bumburutu ya yi tari ya wuce, wannan ba ya yafewa. Tsohuwar dabarar sassauta bututun nozul inji na aiki don a ga wace silinda ce ta mutu ta zama haɗari, domin gas a wannan matsi yana huda fata. Yawancin sababbin injinan gas kuma suna da tabo, wato na'urar cusa iska cikin inji, wadda ke son baƙin mai mai tsabta, da kuma a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye bayan doguwar tafiya kafin a kashe.

Tsofaffin ɗabi'u a sabuwar mota

Mafi yawan ɓarnar da ake yi wa akori-kurar yanzu daga ɗabi'un da aka gada ne, waɗanda tsohuwar mota ke jurewa. Na farko cire tamostat, bisa imanin cewa na ƙasashen sanyi ne. Aikinsa shi ne riƙe ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 82, sannan ya buɗe. In aka cire shi, sensa za ta riƙa gaya wa kwamfuta cewa inji na sanyi, ita kuma ta yi ta ƙara mai. Sakamakon shan mai ne da saurin cinyewar inji. Na biyu zuba ruwan rijiya ko na leda a lagireto. Yana kawo tsatsa da ƙanzo, yana cin alminiyon da aka yi kan inji da lagireton zamani da shi. Ruwan sanyaya inji na musamman yana hana wannan, murfin lagireto mai kyau kuma yana riƙe matsin da ke hana ruwan tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Buɗe murfin inji na zafi ya ƙona fuskoki da yawa, jiya da yau.

Na uku zuba baƙin mai mai kauri irin SAE 40 a injin da aka ƙera da matsattsun hanyoyin mai, wanda littafinsa ya nemi mai tsinkakke kamar 5W-30 ko 10W-30. Da safe mai kauri yana jinkirin isa saman inji, a wannan ɗan lokaci ne ƙarfe ke gugar ƙarfe. Na huɗu zare kan batir inji na aiki don a gwada altaneta. Tsohuwar mota ba ta da kwamfutar da za ta ƙone, sabuwa kuwa wutar da ke tsalle na iya kashe kwamfuta. Mita ce ta dace: batir lafiyayye yana nuna bolt 12.6 a kashe, in inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Haka yin walda a jikin mota ba a cire batir ba, da juya wayoyi wajen jona batir biyu, da ɗaure fis da ya ƙone da waya ko takardar sigari. Na biyar fasa tukunyar tace hayaƙi da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, don sayar da ma'adinan cikinta. Da can fetur mai dalma ne ke kashe ta, amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da irinsa tun farkon 2006. In ta toshe yanzu, galibi inji ne ke ɓata wuta ko shan mai, kuma shi ya kamata a gyara.

Abin da bai sauya ba

Daga giya zuwa ƙasa, akori-kura tana nan kusan yadda take: shasi, farfela, bakaksul, da sifirin mai ganye-ganye. Abokan gabanta ma su ne na da, wato lodi da ƙura da zafi da gargada. Motar tan ɗaya da aka ɗora wa buhu 20 na masara, kowane kilo 100, tana ɗauke da ninki biyu na ƙarfinta. Ƙara ganyen sifirin yana ɗaga bayanta, amma bai ƙara wa boris ko birki ko taya ko shasi komai ba. Kaya mai nauyi wurinsa gaba ne, dab da gidan direba, domin in ya taru a bayan bakaksul gaban mota yana yin sauƙi, sitiyari ya daina kama hanya.

Taya ana auna iskarta ne da safe tana sanyi, bisa lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, a kuma ƙara wa na baya in za a yi lodi. Rage iska da bazara don gudun fashewa kuskure ne, domin taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwasa ta ɗauki zafi ta fashe. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na lokacin ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gangami kan tsofaffin tayoyi, domin roba tana bushewa ko da zanenta bai cinye ba. Cin taya ta gefe ɗaya alama ce ta karkacewar ƙafa, ko tayarod da boljoyin da suka saki. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Birkin da ya yi laushi yana nutsewa, ko dai iska ta shiga ko mai na yoyo, kuma ba a tafiya da shi.

Da hunturu filtar iska tana cika da wuri a hanyar burji. Ana iya kaɗe ta a hankali, amma busa ta da iska mai ƙarfi ko wanke ta takarda da fetur yana buɗe ramukan da ƙura za ta bi. Da damina, in mota ta ratsa rafi, ana duba man bakaksul ko ya yi fari, a kuma sa wa gaɓoɓin farfela giris. Mai ja da ƙafa huɗu ba a sa mata wannan giya a busasshiyar kwalta, amma ana so a riƙa sa ta a hanyar ƙasa lokaci-lokaci don mai ya zagaya. Juyen baƙin mai da filta a irin wannan yanayi na ƙura da lodi, kilomita 5,000 ne abin da aka fi bi.

Gareji da mutanensa

Tsarin koyon sana'a bai gushe ba. Har yanzu uba yana kai yaro wurin maigida, ya fara da wanke notuna a fetur da miƙa sifana, ya shekara da shekaru kafin a yaye shi. Amma aikin ya rarrabu. Bakanike ɗaya da ke gyara Fijo daga gaba har baya ya zama mutum biyar ko shida: na inji, na wayarin, na giya, na injekta da famfon gas, na sanyi, da mai na'urar bincike. Karatu ya shigo cikin sana'ar, domin lamba da zanen wayoyi sai wanda ya iya karantawa. Matasa da yawa suna duba wayar hannu su nemo ma'anar lamba kafin su ɗauki sifana. Garejin da ya fi amfani shi ne inda mai na'ura da mai kunne suke aiki tare, domin na'ura ba ta jin ƙarar boris, ba ta ganin tsagewar shasi, kunne kuma ba ya jin sensar da ta mutu.

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, toshewar filta da ƙarancin iskar taya da birkin da ke kamawa sun zama kuɗi da ake gani a gidan mai kowace rana. Wasu masu akori-kura mai fetur sun fara mayar da ita mai aiki da iskar gas ta CNG, wadda ake cusawa a tulu da matsin wajen bar 200. Wannan ya ƙaro sabon aiki: tulu sai wanda aka ƙera don hakan, haɗin sai a wurin da hukuma ta amince, kuma ana duba yoyon bututu da maɗaurin tulun a kai a kai.

Rabon direba a yau ya fi na da ƙanƙanta, amma kuskure a cikinsa ya fi tsada. Nasa ne duban safe, da sayen mai a wurin da aka yarda da shi, da tsayawa in jar fitila ta kawo, da ƙin lodin da ya wuce kima. Na mai mota ne ya nemi littafin da kamfani ya bayar, ya kuma ajiye ɗan littafin da ake rubuta ranar kowane sabis da kilomita da irin man da aka zuba da lokacin da aka sauya taimin bel. Motocin hannu da yawa suna zuwa ba tarihi, wasu ma an mayar da mitarsu baya, don haka wanda ya sayi irinsu yakan fara da sauya baƙin mai da filtoci da ruwan lagireto da man birki da bel gaba ɗaya, ya ɗauki wannan rana a matsayin farkon lissafinsa.